Kujerar da Kafinta Ya Ɓoye

Surukarsa ta kama shi yana auna matarsa da tef tana barci. Daga nan komai ya lalace.

Da rana ne tsaka. Auta ta gaji ta kishingiɗa a doguwar kujera, ta lumshe ido kamar barci ya ɗauke ta. Kafinta ya durƙusa a gefenta, fensir a bayan kunne, yana jan tef daga ƙugunta zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa diddige, yana faɗa ƙasa-ƙasa yana rubutawa a guntun katako. Bai ji sallama ba. Sai dai ya ji jaka ta faɗi a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Me kake yi mata?"

"Inna, sannu da zuwa. Awo ne kawai."

"Awo? Da ranta? A ina ka taɓa ganin an auna mutum a kwance yana numfashi? Makara za ka haɗa mata tun ba ta mutu ba?"

Zai iya faɗin abin da yake aunawa. Amma in ya faɗa, sai ya faɗi abin da Likita ya gaya masa, ga shi kuma Auta ta buɗe ido tana kallonsu. Sai ya naɗe tef ɗinsa ya yi shiru. Shirun nan kuwa Inna ta ɗauke shi amsa.

Dama can Inna ba ta taɓa son sa ba. Auta malamar makaranta ce, kuma tun tana ƙarama aka yi mata tanadin ɗan yayan Inna, wanda ya buɗe babban shagon magani, kowa na kiransa Mai Kemis. Sai wani kafinta da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa ya je gyaran bencuna a makarantarsu. Gyaran kwana biyu ya zama na wata guda. Shekara biyu aka yi ana fama kafin Baba, tsohon magini, ya ce, "Je ki. Amma ki sani katako ba bulo ba ne." Shekararsu huɗu tare, Inna ba ta taɓa shan ruwan gidan ba.

Ciwon ya fara ne da ƙafa. Takalmi ya riƙa zamewa daga ƙafarta ta hagu ba ta sani ba. Sai alli ya fara suɓuce mata a gaban aji. Bayan gwaje-gwaje masu yawa, Likita ya ja Kafinta gefe.

"Akwai jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa da hannu da harshe. Nata sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hankalinta ba zai taɓu ba. Za ta ji, za ta gani, za ta gane komai. Jikin ne zai daina amsawa."

"Magani fa?"

"Akwai na rage masa gudu. Na tsayar da shi babu."

"Ko'ina?"

"Ko'ina a duniya."

"Gara ke nan," in ji Kafinta. "Fenti lafiya lau, ciki ana ci."

Bai yi kuka ba. Fensir ya zaro daga bayan kunne ya ce, "To jera min. Me zai fara tafiya, me zai biyo baya?" Ya tsaya yana rubutawa kamar mai karɓar aikin ƙofa. Da ya koma wurin Auta sai ya ce mata raunin jijiya ne, sai a hankali. Wata goma sha ɗaya ke nan yana ɗauke da maganar shi kaɗai.

Ranar da Inna ta kama shi, kafin la'asar motar Mai Kemis ta tsaya a ƙofar gida. Aka ɗauki Auta.

* * *

Kwana uku bai buɗe shago ba. A na huɗu aka aiko ya zo gidan surukansa.

Ya tarar da Baba a zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Inna a gefe idanu jawur, Mai Kemis a tsaye jikin taga, farar rigarsa ko ƙura babu.

"Sau biyu ta faɗi," in ji Inna, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. "Daga ɗaki zuwa banɗaki sai an riƙe ta. Kai kuma kullum aka tambaye ka, da sauƙi, da sauƙi. Wane sauƙi? Ka bar min 'ya tana ƙarewa a ɗaki kana jiran gawa!"

"Inna, a gida tana tafiya."

"Ƙarya kake!"

Baba ya ɗaga hannu. "Kai, saurara. Ɗan'uwanta Mai Kemis ya samo asibiti a ƙasar waje. Zai kai ta da kansa, ya zauna da ita ko shekara ce. Amma ba zai yi tafiya da matar wani ba. Ka fahimce ni ko sai na fassara?"

"Na fahimta, Baba."

"Ba na ce ka cuce ta ba. Iyakar hannunka ke nan. Ka sauwaƙe mata."

Mai Kemis ya yi gyaran murya. "Malam, kada ka ɗauka wani abu nake nema. Ban yi aure ba har yau, kowa ya san dalili, ba zan ɓoye ba. Amma ko a kwance take zan riƙe ta. Rantsuwa nake."

Abin da ya fi ƙona wa Kafinta rai shi ne ya ga gaskiya mutumin yake faɗa.

"A bar ni in gan ta," ya ce.

Tana zaune a bakin gado a ɗakin da ta girma, gwiwarta ɗaure da bandeji. Da ta gan shi sai ta yi murmushi, hawaye na zuba.

"Ka rame, mai guduma."

"Ke ma, Malama."

"Ni ina da dalili. Kai fa?" Harshenta ya fara nauyi, kalmomin na fitowa a hankali kamar ana jan su daga rijiya. "Zauna. Me kake aunawa ranar nan?"

"Benci."

"Benci. Da ƙafata."

"Ƙafarki ta fi ta kowa daidai."

"Ƙarya ba ta karɓe ka ba. In kana yin ta sai ka taɓa fensir ɗinka. Ga shi ka taɓa."

Ya sauke hannu daga kunne. Ya durƙusa a gabanta ya kalli bandejin, ya kasa ɗago kai.

"Malama, in har akwai wani abu a can da ni ba zan iya ba..."

"Za ka rubuta?"

"Kin san rubutuna."

"Na sani, ni na koya maka. Kuma ban tuna ranar da na koya maka rubuta saki ba." Ta yi ƙoƙarin share hawaye, hannun ya tsaya a haɓa ya ƙi ƙarasawa. Ya kai nasa ya share mata. Sai kukan ya ƙwace masa, kukan da ya riƙe wata goma sha ɗaya, ya fito da ƙara kamar zarto a jiƙaƙƙen katako.

"Ba na so in zama ni na tare miki hanya," ya ce. "Gobe a ce da an kai ta da ta tashi."

"Kai kana ganin zan tashi?"

Ya kalli ƙasa.

"To shi ke nan," ta ce. "Kira min Baba."

Da tsohon ya shigo ta ce, "Baba, na ji. Amma kayana ni zan kwaso da hannuna. A kai ni gobe. Ku zo duka, har da Inna. In zai ba da takarda ya bayar a can."

Baba ya juya ga Kafinta. "Ka tanadi biro."

* * *

Washegari da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gidan Kafinta. Mai Kemis da Inna suka fito da ita, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ƙafarta na jan ƙasa. Da suka kai bakin ƙofa sai ta ce, "Ku sake ni."

"Za ki faɗi, Auta."

"Inna, sake ni."

Suka sake ta. Ta kai hannu jikin bango, ta shiga.

Ta yi tafiya.

Ba gudu ba, ba kuma miƙe sak ba. Amma tafiya ce. Hannunta ya bi wani siririn katako da ke jikin bango, wanda duk mai shigowa zai ɗauka ado ne. Inda katakon ya ƙare gefen tebur na jiranta. Ta jingina da shi da dukkan nauyinta, bai motsa ba. Daga tebur sai bayan kujera, daga kujera sai kan kabad. Ta tura ƙofar kicin da gwiwar hannu ta buɗe. Ta tsaya a ciki ta juyo.

"Wa zai sha shayi?"

Inna ta dafe ƙirji. Mai Kemis ya cire tabarau ya goge ya mayar. Matar da jiya ta kasa taku biyar a gidan ubanta, ga ta nan ta ratsa falo ita kaɗai.

Baba bai kalli 'yarsa ba. Ƙasa yake kallo. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle idon mutumin da ya shekara arba'in yana gini. Ya buga sandarsa inda dokin ƙofa ya kamata ya kasance. Babu shi, an sare, an shafe. Ya je ya girgiza teburin, ya sunkuya ya ga an kafe ƙafafunsa a ƙasa. Ya shafa kujerar, ya ga an ƙara mata tsayi don tashi ya yi sauƙi. Ya taka daga bango zuwa tebur yana ƙirge, daga tebur zuwa kujera.

"Taku biyu, abin riƙo," ya ce, kamar da kansa yake. "Taku biyu, abin riƙo. Ikon Allah."

Ya tsaya a ƙofar ɗakin kwana ya buɗe hannuwa ya taɓa gefe da gefe.

"Wa ya faɗaɗa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ka fasa bulo?"

"Inci shida."

"Filastarka ba ta da kyau."

"Ni ba magini ba ne, Baba."

"Na gani." Ya ci gaba da shafa bangon. Can sai hannunsa ya tsaya. "Inci shida. Mai tafiya da ƙafarsa ba ya bukatar inci shida."

Kafinta ya kau da kai.

A jikin katakon ƙofar akwai ƙusar da ake rataye makulli. Sama da ita akwai ramin wata ƙusa da aka cire. Sama da shi wani. Baba ya bi su da yatsa har sama. Ramuka goma sha ɗaya, kowane ƙasa da wanda ya gabace shi.

"Wannan fa?"

"Duk wata nakan lura da inda hannunta ke kaiwa," in ji Kafinta. "Sai in sauko da ƙusar. In sauko da kantar kaya, da madubi, da komai. Kaɗan-kaɗan, don kada ta gane."

"Na gane," in ji Auta daga kicin. "Da farko dai na ce ko ni nake tsawo."

Ya juyo ya kalle ta, baki sake.

"Buɗe ɗakin ajiya," ta ce.

"Malama, babu komai sai tarkace."

"Ka taɓa fensir. Buɗe."

* * *

Ya san in ya buɗe ƙofar nan ƙaryar da ya yi mata ta ƙare, kuma ɗan fatan da yake ganin ya bar mata ya tafi ke nan. Ya kuma san in bai buɗe ba, biro na jira a aljihunsa. Ya sa makulli ya buɗe.

Kujera ce a tsakiyar ɗakin. Jan katako, an goge shi har yana ƙyalli, babu kan ƙusa ko ɗaya da zai kama zane. Tayoyin keke biyu a gefe. Matashi a wurin zama, madafa mai faɗi, da wani lanƙwasasshen katako a sama inda kai zai jingina ranar da wuya ya gaza. Wurin ɗora ƙafa ne kawai ba a haɗa ba. Guntun katakon da ya rubuta awo a kai yana ajiye a kan matashin.

"Ga makarar, Inna," ya ce a hankali. "Tsayin ƙafarta nake nema, kada gwiwa ta riƙa yi mata ciwo."

A bayan kujerar akwai gado mai hannun juyawa. Akwai cokula da aka yi wa mariƙi mai kauri. A jikin bango an jingine wani allo da aka rubuta haruffa manya-manya da fenti, wasu sun karkace.

"Allon fa?" in ji Auta. Ta iso bakin ƙofar tana riƙe da katakon bango.

"Na ranar da magana za ta gagara. Ki kalli harafi, ni in karanta."

"Kai da kake karatu kamar mai hawa tsani da buhu?"

"Ina koyo. Kullum kafin in fara aiki."

Baba ya cire hularsa. Bai san ya cire ba.

Kafinta ya juya gare su. "Ba ta da magani. Likita ya faɗa min tun bara. Ƙafa za ta tafi, hannu ya bi, sai harshe. Na ɓoye mata, wannan laifina ne. Amma ban taɓa jiran gawarta ba. Gaban ciwon nake sha, duk inda zai kai ta ya tarar na riga shi."

"Ƙarya ne!" Inna ta finciko hannun rigar ɗan yayanta. "Faɗa masa! Faɗa masa asibitin da ka samo!"

Baba ya ce, "Kai ka san magunguna. Tsakaninka da Allah, za ta warke?"

Mai Kemis ya daɗe yana kallon kujerar.

"Za su ƙara mata watanni, Baba. Ko a nan ma ana samun maganin." Ya sunkuyar da kai. "Na sani tun ranar da na ga takardunta. So nake dai ko watannin nan su zama nawa."

Ya juya ga Kafinta kamar zai ƙara magana, sai ya fasa. Ya fita ya zauna a mota.

Auta ta ce, "Mai guduma, zo nan. Ka ce ka ɓoye min. Ranar da Likita ya ja ka gefe, ni ina ka bar ni? A ɗaki, da takarduna a cinya. Ka manta wace ce ta iya karatu a gidan nan?"

"Tun ranar?"

"Tun ranar. Na ga ka ɗauki kayan nan kana tafiya da shi a miƙe, na ce in na nuna na sani zai faɗi. Sai na bar maka. Kana sauko da ƙusa, ni ina yi kamar ban gani ba." Ta numfasa, don maganar ta gajiyar da ita. "Shekara guda kana yi min magana da katako. Na ji duka."

Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Duk tsawon lokacin nan yana tsammanin shi ke riƙe da rufin gidan. Ashe ginshiƙi biyu ne.

"Turo min ita," ta ce.

"Ba ki kai nan ba tukuna. Kina da sauran wata biyu ko uku a ƙafarki."

"Na sani. Turo."

Inna ta tare tsakani. Kuka take.

"Auta, ni na haife ki. Ban yarda ba. Wallahi ban yarda ba! Mutumin nan ya gama binne ki a zuciyarsa, ya sassaƙa miki ciwo tun daga ƙafa har baki, ke kuma kina murna? Tashi mu je. In wannan asibitin bai yi ba akwai wani. Wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani."

"Haka ne, Inna. In ya sauko zai same ni a nan."

"In kika zauna a kujerar nan kin zaɓi mutuwa a hannunsa. Kuma ba za ki ƙara ganin ƙafata a gidan nan ba."

"Ke, bar rantsuwa," in ji Baba.

"Na faɗa!"

Auta ta kalli mahaifiyarta, hawaye na bin kumatunta, hannun da zai share su ba ya kaiwa. Sannan ta saki katakon bango. Kafinta ya tare ta, ya zaunar da ita a hankali.

Kujerar ta karɓe ta kamar tare aka halicce su. Baya ya zauna, madafa ta zo daidai gwiwar hannu. Ƙafafunta kawai ke lilo.

"Inci goma sha shida," ta ce masa. "Na ji kana faɗa a ranar. Ba barci nake ba."

Inna ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa.

"Inna," in ji Auta.

Ba ta juyo ba.

"Inna!"

Inna ta taka inda dokin ƙofa yake a da.

"Inna..."

Ƙofar mota ta rufe.

Baba ya mayar da hularsa. Ya miƙa wa Kafinta hannu. "Kawo biron nan." Ya karɓa ya sa a aljihunsa. "Gobe zan zo da siminti. Matakalar ƙofar gidanka ba ta taya ba ce. Kuma filastar can ba zan iya barci da ita a raina ba."

Ya zo. Ya riƙa zuwa kullum, ko babu abin gyara. Mai Kemis ma duk wata yakan aiko da maganin rage gudu, bai taɓa shigowa ba.

Inna kuwa ta riƙe maganarta. Ba ƙiyayya ba ce. Ita dai in ta shiga gidan nan ta ga kujerar, ta yarda ke nan, kuma ba ta shirya yarda ba. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Wata tara ta yi.

Ranar da ta zo, da safe ne. Ta hau gangaren simintin da mijinta ya zuba, ta yi sallama da ƙaramar murya. Auta na zaune a kujerar kusa da taga, kanta jingine a lanƙwasasshen katakon, an gyara mata ɗankwali tsaf. Idanunta suka cika da haske.

Kafinta ya ɗauko allon ya riƙe a gabanta. Idonta na tafiya, shi yana bi da yatsa, yana haɗawa, ba gargada.

"Ta ce sannu da zuwa, Inna. Ta ce a kawo miki ruwa."

Inna ta zube a gaban kujerar ta kama hannuwan da ba sa iya kama nata.

"Ba allo nake so ba. Auta, da bakinki. Sau ɗaya kawai. Ki kira ni."

Leɓen Auta ya motsa. Iska kawai ta fito.

"Kwana ashirin da suka wuce ta daina," in ji Kafinta.

Ya kawo ruwan. A karon farko Inna ta sha ruwan gidan, tana sha yana haɗuwa da hawayenta. Daga ranar ba ta ƙara kwana a wani wuri ba. Ta koyi allon, ta koyi juya gadon, ta koyi cewa "ɗana" in za ta kira Kafinta.

Amma muryar ba ta dawo ba. Kiran nan uku da ta ƙi juyowa, su ne na ƙarshe da ta ji daga bakin 'yarta.